Daga Ƙofar Ruwa zuwa Yashio: Turancin da Bature ba ya ji

Mu 'yan Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota a Kano, mun daɗe muna cin abinci da injin Japan, amma kaɗan ne a cikinmu suka san inda ake ciro shi. Kaya su sauka a Legas ko su biyo ta Sharja a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, su ratsa hannu biyu ko uku, kafin su iso Kano kowa ya ɗora nasa. Da canjin dala ya yi tashin gwauron zabi, ribar ta koma ba ta taka kara ta karya ba, sai muka haɗa jari mu huɗu muka ce gara a je tushe a ciko kwantena guda. Ni aka zaɓa, wai don ina jin Turanci. Babu wanda ya san cewa Turancin ya riga ni isa can da fiye da shekara 150, ya zauna ya yi aure ya hayayyafa, har Baturen da ya haife shi ba zai shaida jikokinsa ba.

A ofishin jakadancin Japan da ke Abuja na nemi biza. Suna son takardar gayyata daga wanda zai karɓe ka, da bayanin asusunka na banki, da jadawalin inda za ka kwana kullum har ka dawo. Wanda ya gayyace ni wani Alhaji ne Bahaushen Kumasi, dillalin kayan mota, da ya haura shekara ashirin a can. Abu biyu ya ja min kunne a kansu ta waya: in zo da rigar sanyi mai kauri tunda Nuwamba ce, kuma kada in kuskura in sako kilishi a jaka. Nama kowane iri, ɗanye ko busasshe, ba ya shiga ƙasar, kuma ana cin tara mai nauyi a kansa. Haka na bar wa yara ƙunshin kilishin da uwargida ta sa aka yo min, suna murna ina jin haushi.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi zuwa Addis Ababa, daga can cikin dare aka kwashe mu zuwa Incheon ta Koriya ta Kudu, aka sauke wasu aka ɗauki wasu, sannan sai Narita, filin jirgin da ke kusa da Tokyo. Ban da ciwon baya da lissafin lokutan salla da ya rikice, ba abin ba da labari. Agogonsu yana gaban namu da awa takwas.

A Narita aka ɗauki zanen yatsuna biyu da hoton fuska. Jami'in, wani saurayi mai takunkumi, ya miƙo hannu ya ce, “Pasupoto.” Na ba shi. Ya duba ya ce, “Bijinesu?” Na gyaɗa kai. “Hoteru?” Na nuna masa adireshin Alhaji. Mai ji zai ɗauka Turancin yaron ne bai nuna ba, alhali kalmomin nan uku Japananci ne, haka suke zaune a ƙamus ɗinsu yadda fasfo da otal suke a namu. A wurin ɗaukar kaya wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, sanye da 'yar riga, yana bin jakunkuna yana sunsuna. Ya wuce tawa, ya je ya zauna daram a gefen akwatin wata mata ya ƙi motsi. Aka buɗe, sai ga nama a leda. Nan haushin kilishina ya tafi. Ɗan kwastan ya buɗe robar yajina, ya shinshina, ya yi atishawa, ya ce, “Supaisu,” ya rufe ya miƙo min da hannu biyu.

Alhaji yana jirana da Hiace ɗinsa. Sitiyari a dama, tuƙi a hannun hagu, yadda Najeriya take yi kafin 1972. Shi ya sa ba ma ɗauko motarsu sukutum, sai dai a yanka ta a kwaso inji da giya da ƙafafu. Daga Narita zuwa Yashio, a jihar Saitama, mun yi sama da awa ɗaya ba shingen ɗan sanda ko guda, ba wanda ya leƙo ya ce me ka kawo mana. Shingen da ke akwai na kuɗin hanya ne, shi ma ba a tsayawa, na'ura ce ke cirewa daga kati sandar ta ɗaga da kanta. Na yaba tsarin, Alhaji ya ce, “Ƙanena, kada ka yi saurin yabo. Wannan ya fi ɗan sanda cin aljihu, bambancin kawai shi yana ba da rasit.”

Tun a waya ya ce min a manshon yake zaune, labari har ya zaga kasuwa cewa Alhajin Japan a fada yake kwana. Muka tsaya a gindin wani bene mai hawa bakwai, muka hau lifta, ya buɗe wata ƙofar ƙarfe. Ɗaki biyu ne da falo da kicin, duka-duka bai fi shagona sau biyu ba, shi da Hajiyarsa Bajapaniya da 'yarsu. Ya ga fuskata ya yi dariya har da riƙe ciki. A wurinsu duk dogon bene na kankare da aka yanka gida-gida manshon ne. Masu gine-gine ne suka ɗauko kalmar da Bature ke kiran gidan attajiri da ita don su ƙawata hajarsu, ta bi bakin mutane ta zauna. Har akwai wan-rumu manshon, wato fada mai ɗaki ɗaya tal. Wanda bai kai wannan ba, mai hawa biyu na katako, shi ne apato, kuma hayarsa ta fi sauƙi.

Wayata ta mutu tun a Koriya. Hajiya ta ga caja a hannuna ta nuna bango ta ce, “Konsento.” Soket take nufi. Asalinsa wani tsohon fulogi ne mai da'ira cikin da'ira da ake kira concentric plug a farkon zuwan lantarki. Fulogin ya ɓace, rabin sunansa ya maƙale a bango. Ramuka biyu ne sirara, wutar kuma 100 ce ba 220 irin tamu ba, don haka kan cajarmu mai ƙafa uku ba ya shiga sai da mahaɗi. Ɗakin kansa cike yake da irin waɗannan guntaye: terebi, eakon mai hura zafi da sanyi, rimokon ɗin da ake kunna shi, pasokon wato kwamfutar yarinya a kan teburu, sumaho wato wayar zamani a hannun kowa. Suna son su kama kalma biyu doguwa, su gutsuri kan kowace, su haɗa. Da na ce wa Alhaji ya ba ni buta in yi alwala, 'yarsa ta toshe baki ta ruga ɗaki. Buta a harshensu alade ne. Ba a ma bukatar tamu a toire, wato banɗakinsu, don masan yana da maɓallin da ke fesa ruwan ɗumi. Kamfanin TOTO ne ya fito da shi a 1980 da sunan Washlet, su kuma suka mai da shi woshuretto. A duk abin da na gani a ƙasar, wannan ne na fi yi wa sha'awar a kawo mana.

Maganar alade kuwa ba ta wasa ba ce, don yana shiga inda ba ka zato, har cikin burodi da alewa da miyar taliya. Washegari Alhaji ya zaunar da ni ya rubuta min wasu haruffa a bayan ambulan. Rubutu uku suke gwamutsawa a layi ɗaya: kanji da suka aro daga Sin, hiragana mai lanƙwashe-lanƙwashe na kalmomin gida, sai katakana mai kusurwa, haruffa 46, wanda da shi ake rubuta yawancin kalmomin da suka zo daga waje, ban da na Sin. Wato baƙuwar kalma ko ta shekara 400 a ƙasar, da rigar baƙi take yawo. Ya ce, “Ka haddace wannan kaɗai, rabin abin da ke jikin leda zai yi maka magana.” Gaskiyarsa. A konbini, shagunan nan da ba sa rufewa dare da rana, na riƙa juya kaya ina haɗa baƙi: poku, hamu, bekon, duk naman alade, rado wato kitsen alade, zerachin wato jalatin da kan fito daga alade, sai arukoru wato barasa. In na ga ɗaya na ajiye. Harafin kanji na alade shi kuma dole ka riƙe surarsa a ka. Abincina ya koma dunƙulen shinkafa mai kifi a ciki, yen 150 zuwa 200 a kuɗinsu, da dafaffen ƙwai da ayaba, ina barbaɗa yaji. Da dare muna zuwa gidan abincin 'yan Pakistan, waɗanda suka yi yawa a Yashio saboda sana'ar gwanjon motoci har ana yi wa garin laƙabi da Yashiostan. Suna da masallacinsu, kuma da yen 1,000 zuwa 1,500 za ka ci biryani na halal ka yi gyatsa.

Aikin da ya kai ni yana jihar Chiba, wajajen Noda da Yotsukaido, a wuraren da suke kira yado. Filaye ne a bayan gari, tsakanin gonaki, kewaye da dogon kwano, a ciki an jibge motoci bisa juna. Motocin da za ka gani a nan an yanka, a Kano da su za a kai amarya. Dalili shi ne shaken, binciken lafiyar mota na dole, bayan shekara uku da saye sannan duk shekara biyu. Kuɗinsa da na gyaran da ake tilasta maka suna sa mutum ya ga gara ya sayi sabuwa. Haka inji mai sauran ƙarfi yake faɗowa hannunmu.

Yadon da muka fi ciniki na wani tsoho ne da ya haura saba'in, gajere, mai hular saƙa, sigari ba ya barin bakinsa. Shacho ake ce masa, wato shugaban kamfani, haka ake kiran duk mai wuri. Da Alhaji ya ce daga Kano nake, ya ware ido ya kama ƙuguna kamar zai kayar da ni. Ashe Kano sunan dangi ne a wurinsu, kuma Jigoro Kano shi ne ya kafa wasan judo a 1882. Daga ranar ya raɗa min Kano-san.

Alhaji yakan bar ni da shi ya tafi wani yadon, to a nan ne ido ya raina fata. In na gyara murya na faɗi kalma yadda malamin Turanci ya koya mana, sai tsohon ya karkata kai ya ja iska ta haƙora, alamar bai ji ba. Ina neman kayan birki na Camry, na faɗa da Turancin makaranta har sau nawa, shiru. Cikin gajiya na ce da Hausa, “Kai, birki fa nake nufi, birki!” Sai ya tafa hannu: “A, bureki!” Ya ja ni har inda suke. Daga nan na ajiye Turancin makaranta na ɗauko na gareji. Na ce taya, ya ce taiya. Na ce inji, ya ce enjin. Batir, batteri. Sufana, supana. Bokiti, baketsu. Harshensu ba ya yarda baƙi biyu su haɗu ba wasali a tsakani sai bayan n ko in baƙin ninki ne, kuma kalma ba ta ƙarewa da baƙi sai n, ga shi ba su da l sai r. Namu harshen ma ba ya son cunkoson baƙaƙe, shi ya sa muka ce sukurudireba muka ce fursuna. Bakanike ɗan Ƙofar Ruwa da bai taɓa shiga aji ba zai fi mai digiri saurin fahimtar tsohon nan, wannan na tabbata.

Sai dai kunne yana kai ka rabin hanya ne kawai, don da yawa sun sauya ma'ana. Sitiyari handoru ne, daga kalmar da Bature ke nufin mariƙi da ita. Gilashin gaba furonto garasu, madubin baya bakku mira, sigina winka wato mai ƙyafta ido. Hon kurakushon ne, sunan wani tsohon kamfanin hon mai suna Klaxon, yadda mu ma duk garin wanki omo ne duk ɗanɗano magi ne. Akwatin giya misshon, wutsiyar transmission kawai suka riƙe. In taya ta sace panku ce, in mota ta mutu a hanya ta yi ensuto, gidan mai kuma gasorin sutando. Ranar da ya ce wa yaronsa ya kawo doraiba na waiga ina neman direba, sai ga yaro da sukurudireba biyu: purasu mai bakin kuros kamar alamar tarawa, da mainasu mai baki ɗaya kamar alamar ɗebewa. Wannan kam na sara musu, ya fi namu tsari. Da ya ce a kawo jakki a ɗaga mota kuwa ni kaɗai na yi ta dariya, ba wanda zan yi wa bayani.

Kalma biyu ne suka taɓa aljihu. Bayan mun daidaita a kan injuna da hafu katto guda shida, wato rabin mota na gaba da inji da komai nasa, tsohon ya sa aka turo wasu dainamo da kik-sitata a baro ya ce, “Sabisu.” A wurinmu sabis juyen baƙin mai ne ko na waya, duk kuma biya ake yi. Na fara latsa kalkuleta, ya ɗaga hannu ya zana sifili a iska. Sabisu gyara ce, irin wadda mai awo ke ƙara maka bayan an cika mudu. Ɗayar kuma a ƙasan takardar ciniki take, Alhaji ya sa yatsa a kanta ya ce, “Ƙanena, karanta wannan da kyau.” No kuremu, no ritan. Kuremu a wurinsu ƙorafi ne, ba neman diyya ba. In ka saya ka saya, ba dawowa ba ƙorafi. Duk abin da aka rubuta wa janku kuma ba a ɗauki alhakin yana aiki ba. Shi ya sa kowane inji sai da na sa aka tayar da shi a gabana kafin a sauke, na saurari ƙararsa, na buɗe murfin mai na leƙa, cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙage.

Ranar Juma'a na shiga Tokyo ni kaɗai. Daga Yashio jirgin Tsukuba Express zuwa Kita-Senju, a sauya zuwa layin Chiyoda har Yoyogi-Uehara. Dandamalin jiran jirgi homu ne, ba home na Bature mai nufin gida ba, ƙarshen kalmar platform ne. Jirgin cike da sarariman, masu cin albashi, kowa da baƙar kwat da farar riga, wasu suna barci a tsaye, ba mai amsa waya. Masallacin Tokyo Camii na Turkawa ne, an gina shi karon farko a 1938 aka sake shi a 2000, da hasumiya siririya da kubba mai zane. Bayan an idar na ji sallama da Hausa a bayana. Wani ɗalibi ne ɗan Damagaram da ke karatun digiri na uku. Ya ce, “Alhaji, hular ce ta tona ka.” Da yamma yana yin arubaito a wani shago, aikin wucin gadi ke nan. Na ce wannan kuma wane Turanci ne? Ya ce ba Turanci ba ne, Jamusanci ne, kuma in ina son ganin ƙofar da kalmomin suka shigo, in bi shi Yokohama gobe.

Yaron nan ya san abin da yake faɗa. A bakin tashar jiragen ruwa ya warware min tarihin daki-daki. 'Yan Fotugal ne Turawan farko, sun sauka a tsibirin Tanegashima a 1543 da bindigogi, suka bar pan wato burodi, da tabako, da botan na riga, da wani kek mai suna kasutera. Da masu mulki suka tsorata da yaɗuwar Kiristanci suka kore su suka rufe ƙasa, sai 'yan Holan kaɗai aka bari daga cikin Turawa, aka killace su daga 1641 a wani ɗan tsibirin da aka gina a Nagasaki mai suna Dejima, sama da shekara 200. Ta wannan ƙaramar kafa garasu ya shigo, da gomu wato roba, da biru wato giyar sha, da kohi. Ya ce, “Alhaji, kohin nan fa gahawarmu ce. Daga Larabawa ta je wa Turkawa, ta je Holan, ta zagayo nan. Arukorun da kake gudu a jikin leda kuma shi da kwallin idon Hajiya tushensu ɗaya a Larabci.” Na tsaya ina kallonsa.

Turanci sai a baya ya zo. A 1853 Matthew Perry na sojan ruwan Amurka ya iso da jiragen yaƙi huɗu ya ce a buɗe ƙofa, a 1854 aka sa hannu a yarjejeniya a nan Yokohama, a 1859 aka buɗe tashar ga baƙi. Ya nuna min gidan adana tarihin da ke wurin da aka yi zaman. Kalmomin wancan zamani da kunne aka kama su, daga bakin matuƙa da 'yan kasuwa. Farar riga ta zama waishatsu, har yau kuwa ko shuɗiya ce waishatsu ce. Lemonade ya zama ramune. Mutanen gari sun ji Turawa suna ce wa karnukansu come here, sai suka riƙa kiran karen Bature kame. Keken ɗinki ya zama mishin, kalmar da mu muka ba babur. Na ce ai mu ma haka muka samo samanja da hafsa da bariki daga bakin sojan Lugga. Ya ce su kuma a Nijar lakwal da mushe suka gada daga Faransa, shi ya sa bai ga abin mamaki ba don harshe ɗaya ya ci daga akushi da yawa. Bayan juyin Meiji na 1868 sun aika ɗalibai waje, likitanci suka koya daga Jamus, har yau katin mara lafiya karute ne. A lokacin ma sun fi ƙirƙirar suna da kanji, kamar denwa na tarho, irin yadda muka ce jirgin sama muka ce jirgin ƙasa. Da yaƙin duniya na biyu aka ce Turanci harshen abokan gaba ne, har kalmomin wasan besbol aka sauya. Aka ci su a 1945, sojan Amurka suka zauna har 1952, daga nan madatsa ta ɓalle.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ban da waɗannan shekaru bakwai, ba wanda ya taɓa zama a kansu ya tilasta musu harshe. Mu an zo an same mu ne. Su da kansu suke fita su tsinto, su datse, su ba kalma aikin da suka ga dama, kuma ba ka jin wani yana yi wa wani dariya wai bai faɗa daidai ba. A wurinmu kuwa yaro ya ce asibiti ko makaranta a gaban wasu 'yan boko sai ya ji kamar ya yi abin kunya.

Akwai wasu injunan Hiace da ba mu samu a Chiba ba, aka ce sai wajen Nagoya. Jirgin ƙasa mai gudun nan, shinkansen, yana kai ka daga Tokyo cikin awa ɗaya da minti 40 a kan kusan yen 11,000. Na tuna kuɗin mutane ne a hannuna, na bi bas ɗin dare daga Shinjuku a Tokyo da ƙasa da rabin haka, na isa da asuba wuya ya sanƙare. Na shiga wani gidan shayi na nemi kohi kawai, sai ga shi da gasasshen burodi da dafaffen ƙwai. Na nuna wa matar cewa ban ce a kawo ba, ta yi murmushi ta ce, “Moningu.” Ba gaisuwa ba ce. Al'adar Nagoya ce, in ka sayi kohi da safe karin kumallo sabisu ne. A ƙaramin otal ɗin da na kwana, yen 7,500, an rubuta baikingu a ƙofar ɗakin cin abinci, wato ɗebi da kanka har ka ƙoshi. Otal ɗin Imperial na Tokyo ne ya fara shi a 1958, ya kwaikwayo daga ƙasashen arewacin Turai, sunan asalin ya yi musu nauyi a baki sai suka ba shi sunan mayaƙan Viking. Ni dai shinkafa da kifi da ƙwai na ɗiba, sauran ban yarda da su ba.

Ba kowa ke murna da wannan ambaliya ba. Dillalin da ya zaga da ni a Nagoya, dattijo ne mai ɗan jin Turanci, ya ce mahaifiyarsa ba ta gane rabin labaran talabijin yanzu. A kotun garin ne a 2013 wani tsoho ɗan shekara 71 ya kai ƙarar gidan talabijin na NHK yana neman yen miliyan 1.41, wai yawan kalmomin aro irin su risuku (haɗari) da toraburu (matsala) da kea (kulawa) ya dame shi alhali akwai kalmomin gida. Bai ci shari'ar ba. Hatta cibiyar nazarin harshe ta ƙasar ta taɓa fitar da jerin kalmomin gida da za a riƙa sawa a madadin na aro a takardun hukuma. Dillalin yana gama wannan ƙorafi ya ɗaga waya ya ce wa wani sukejuru, wato jadawali, ya cika, a yi kyanseru, wato a soke.

Ranar lodi, banningu suke ce mata, aka kawo kwantena mai ƙafa 40 yadon Shacho. Wani ɗan Afganistan ne ke kan fokurifuto, motar ɗaga kaya, ya jera hafu katto a ƙasa, injuna a tsakani, aka cusa ƙafafu da fitilu da bamba a duk wani rami har ba inda za ka sa hannu. Kafin la'asar aka rufe aka buga hatimi, na ɗauki hoton lambar na tura wa abokan jarina. Tsohon ya ba ni gwangwanin kohi mai zafi daga na'urar bakin ƙofa, ya sunkuya, ni ma na sunkuya. Alhaji ya kai ni Narita, na bar masa sauran yajin, don Hajiyarsa ta kama shi hannu bibbiyu.

Kwantenar ta yi sama da wata biyu kafin ta iso Legas, fito da ita kuma ya ci kuɗin da ya kusa cinye ribar, wannan labari ne na wata rana. Da aka sauke a Ƙofar Ruwa injunan duk suka tashi. Dainamon gyara su suka fara ƙarewa. Akwatin giya ɗaya ne aka tarar da tsaga a ƙasansa, inda baƙin mai ya rufe. Ɗaya daga cikin abokan ya ce a kira Japan a yi magana, na ɗauko takardar cinikin na karanta masa layin ƙarshe, muka raba asarar gida huɗu.